Tarihi da Ƙage a Fim ɗin Marie Antoinette (2006)

1.0 Gabatarwa

Fim ɗin Marie Antoinette, wanda Sofia Coppola ta shirya a 2006, ya ɗauko rayuwar sarauniyar Faransa wadda juyin juya halin 1789 ya rutsa da ita. An gina shi kan littafin Antonia Fraser na 2001, aka kuma ɗauke shi a fadar Versailles kanta. Wannan maƙala za ta auna fim ɗin da ma'aunin tarihi, ta nuna cewa babban aibinsa yana cikin abubuwan da ya tsallake.

2.0 Inda Ya Dace da Tarihi

An haifi Marie Antoinette a Biyana a 1755, aka aurar da ita ga magajin sarautar Faransa a 1770 tana 'yar shekara 14, ta zama sarauniya a 1774. Fim ɗin ya bi wannan jeri, ya kuma fito da matsin da ta sha saboda jinkirin haihuwa, domin sai a 1778 ta sami 'yarta ta fari. Haka nan ya wanke ta daga maganar da ake jingina mata cewa talakawa su ci kek in babu burodi. Maganar ta fito ne a rubutun Rousseau tun tana yarinya, bai kuwa ambaci sunanta ba.

3.0 Ƙage na Ganganci

Masu tarke sun fi tsayawa kan kiɗan zamani da takalmin Converse da aka hango cikin kayanta. Wannan dabara ce ta salo, domin mai kallo ya ga ƙuruciyarta, kuma ba wanda zai ɗauke ta a matsayin tarihi. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne soyayyarta da Axel von Fersen ɗan ƙasar Suwidin, wadda aka nuna ta kai ga shimfiɗa. Binciken da aka wallafa a 2021 kan wasiƙunsu da aka shafe ya tono kalaman ƙauna, amma bai tabbatar da abin da fim ɗin ya nuna ba.

4.0 Abin da Aka Tsallake

Fim ɗin bai kawo badaƙalar sarƙar lu'ulu'u ta 1785 ba, wadda ta zubar da mutuncinta duk da ba ta da hannu a ciki. Yunwar da ta biyo bayan ƙarancin amfanin gona na 1788 ma ba a nuna ta ba. Sai dai kwatsam a ga talakawa a ƙofar fada a Oktoban 1789, a nan kuma labarin ya tsaya. Yunƙurin gudun 1791, da zaman kurkuku, da shari'a, da fille mata kai ranar 16 ga Oktoba 1793, duk an bar su.

5.0 Kammalawa

Tun da an tsare kyamara cikin fada, mai kallo zai tashi ya san kaɗaicin sarauniya, bai san dalilin fushin talakawa ba. Saboda haka fim ɗin ya yi nasara wajen fito da halin tauraruwarsa, amma malamin da zai koyar da juyin juya halin Faransa da shi dole ya cike waɗannan guraben daga littattafan tarihi.