Jinjina ga Masu Ƙirar Ghost of Tsushima

Ma'aikatan kamfanin Sucker Punch da ke jihar Washington ta Amurka sun cancanci yabo kan wasan bidiyon Ghost of Tsushima na shekarar 2020, wanda suka gina a kan harin da Mongolawa suka kai tsibirin Tsushima na Japan a 1274. Gwarzon labarin, Jin Sakai, samurai ne, wato mayaƙin da aka tarbiyyantar kan tunkarar abokin gaba ido da ido, amma bayan an karkashe dakarun tsibirin a gaɓar Komoda sai ya rungumi kwanton ɓauna da guba domin ceton talakawa, lamarin da ya shiga tsakaninsa da kawunsa Shimura, wanda ya rene shi kamar ɗan cikinsa.

Gwanintar ta fi bayyana a fagen faɗa, inda mai wasa ke sauya salon tsayuwa gwargwadon wanda ya tare shi, mai takobi ne ko mai garkuwa ko mai mashi ko ƙato, ta yadda haƙuri da lura suka fi gaggawa amfani, kuma kowane sara yana da nauyinsa. A wajen tafiya kuwa, iska ce ke nuna hanya, ciyayi na rausayawa zuwa inda aka nufa.

Gaskiya ne wasu sulke da takubban wasan na zamanin da ya biyo bayan harin ne, sai dai mutunta wurin da aka yi ya sa hukumomin Tsushima suka naɗa daraktocin wasan, Nate Fox da Jason Connell, jakadun yawon buɗe ido a 2021.