Jinjina Ga Masu Auna Ruwan Teku

A shekarar 2006, masunta a gaɓar Oregon ta Amurka suka riƙa jawo tarkunansu cike da matattun ƙaguwa, saboda iskar oksijin ta ƙare a ƙasan ruwa. Ba a daɗe ba 'ya'yan kawa suka fara mutuwa a gidan ƙyanƙyasa na Whiskey Creek. Ruwan da ke tasowa daga zurfi ya yi tsamin da ya hana su yin ɓawo.

Masu awon ruwa ne suka gano dalilin, kuma su nake jinjina wa. Aikinsu na haƙuri ne. Mutum ya fita da asuba cikin sanyi, ya kankare gansakuka daga jikin na'ura, ya cika kwalba, ya rubuta lokaci da zurfi. Mafi wuya kuwa shi ne daidaita ma'auni, yadda awon Kalifoniya zai zo ɗaya da na Kanada, domin ruwa bai san iyakar ƙasa ba. Irin wannan zumunci tsakanin masu awo ne ya haifi GOA-ON, ƙungiyar masu auna tsamin teku ta duniya, a 2012, wadda ke da reshe a Afirka.

Albarkacinsu, mai kiwon kawa yana duba awo kafin ya ɗebi ruwa.