Mai Taɓin Hankali a Littattafanmu: Ina Ɗan'uwansa?

Duk wanda ya karanta littattafanmu na soyayya ya san yadda muka saba gamawa da muguwar kishiya: asirin da ta yi ya koma kanta, ta fita tsirara, yara na jifa, marubuci ya ce tammat. Hauka a alƙalaminmu bulala ce kawai. Makaho kuwa ba ma tuna shi sai jarumi zai ba da sadaka, don a san yana da kirki.

Wanda ya ɓace mana shi ne mutumin da ya sha ciwon, ya samu sauƙi, ya dawo ya kama hannun na baya. A Ingila da Amurka har albashi ake biyan irinsu a asibitocin ƙwaƙwalwa, domin majinyaci ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa kwanciya a irin gadonsa. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Sarkin Makafi da Sarkin Kutare tun da can su ke karɓar sabon zuwa, su sama masa masauki, su raba gardama, su kai kuka gaban hukuma. Ga labari a ƙofar gida, mun tsallake shi muna neman boka.

A 2023 Nijeriya ta sauya dokar mahaukata ta 1958 da sabuwa mai kare haƙƙin majinyata. Mu marubuta har yanzu da tsohuwar muke rubutu, kuma masu karatunmu sun haɗa da waɗanda ke zuwa Dawanau karɓar magani a ɓoye.