Gwanayen Tada Bashe a Madawa, Buza da Keita

Tun 1979 kamfanin Pijo ya daina sayar da 404 mai buɗaɗɗen baya a Faransa. Ƙanwarta 504, wadda ta gaje ta a wannan shekara, ta fi ta tsawon kwana, don masana'antar Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Amma har gobe, in ka bi tashar Madawa ko ta Buza ko ta Tamaske ranar kasuwa, kana iya cin karo da ɗayarsu tsaye cikin Hilux da babura masu ƙafa uku, an lafta mata buhunan albasa har sun ɗara kan direba. Bashe muke ce mata a nan, maƙwabtanmu na Sakkwato su ce a-kori-kura. Sun ragu ƙwarai, ba kamar da ba. Waɗanda suka rage kuwa makanikai da masu walda ne ke riƙe da ransu.

Ƙasar nan ta Adar ba ta raga wa mota. Daga Madawa in ka yi arewa zuwa Buza, ka zarce Keita, tudun dutse ne da gangare, sai ƙoramu masu yashi da ke cika farat ɗaya in an yi ruwa a sama. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ya buɗe hanyoyin burji da dama, amma albasa ba a bakin hanya take fitowa ba. Tana can cikin fadamun Tarka da Maggiya, a lambunan Sabon Gida da Karofan, inda babbar mota ba ta shiga. Sai ƙaramar mota mai ƙashi ta kwaso ta zuwa inda ake lodi.

A Turai da Amurka masu sha'awar tsofaffin motoci sun rabu gida biyu. Wasu sun ce a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, fenti da kujera da noti duk irin na asali. A Faransa har hukuma ta san da zamansu: motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman ta kayan tarihi, muddin ba a sauya mata muhimman sassa ba. Wasu kuma sun ce mota ta mai ita ce, ya yi yadda ya ga dama. Su ne Amurkawan da ke ɗaukar tsohuwar Ford F-100 ko Chevrolet C10, su zuba mata sabon inji, su rage mata tsayi har ta kusa jan ciki. Duka biyun sha'awa ce ta mai hali, ba motar ce ke ciyar da gida ba. Makanikin Buza ba shi da wannan sarari. Shi dole ya yi aikin biyu a jikin mota ɗaya, kuma gwanintarsa duka tana wajen sanin inda ake bin awon Bature sau da ƙafa, da inda ake saɓa masa.

Cikin inji ba a saɓawa. Injin fetur na 404 mai silinda 4 ne, cc 1618, an kishingiɗar da shi gefe guda. Abin da ya ba shi tsawon rai, shi da na 504, shi ne ramukan da fistan ke kai da kawowa a ciki ba a jikin injin aka huda su ba. Bututu ne huɗu na ƙarfe, shamis, waɗanda ake zarewa a sa sababbi. Inji in ya tsufa, yana shan baƙin mai yana turnuƙe gari da hayaƙi, ba sai an kai shi birni wajen masu injin huda ba. A sayo shamis da fistan da ringi, a ƙarƙashin bedi ma a haɗa shi ya dawo sabo fil.

Sai dai zaunar da shamis ɗin nan shi ne inda ake gane gwani. Dole bakin kowane bututu ya ɗara fuskar injin da ɗan abin da bai wuce kaurin takardar littafi ba. In ya yi ƙasa, gasket ba zai dannu ba, ruwa ya kwarara cikin silinda. In ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsayi, na kusa da shi su yi sako-sako. A injin 504 ana daidaita wannan da wasu siraran zobba masu kauri daban-daban da ake sawa a gindin shamis. Maigidan gareji zai wanke mazaunin da fetur har ya yi ƙal, ya zaunar da bututun, ya gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya zura siririn ma'auni ta ƙarƙashi. Bai yi ba, ya cire, ya sake zobe, ya sake aunawa. Tsofaffin hannu sukan fara shafa bakin da farcen babban yatsa, su nuna wanda ya yi ƙasa tun ma'auni bai tabbatar ba. Yaron da ya kuskura ya juya inji alhali kulas, wato murfin injin, na ƙasa, ba a danne shamis da komai ba, ranar zai sha faɗa, don fistan zai ɗaga bututun, aikin yini guda ya koma farko.

Kulas ɗin na alminiyum ne, kuma shi ne lagon Pijo. Zafi ya wuce kima sau ɗaya, ya lanƙwashe. Shi ya sa kafin a mayar da shi sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an duba ko haske na wucewa ta ƙasa. Wajen ɗaure shi ma akwai tsari: daga notin tsakiya ake farawa a yi waje, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, kuma bayan motar ta yi 'yar tafiya a dawo da ita a sake ɗaurewa. Tazarar bawul ana aunawa ne inji na sanyi, milimita 0.10 na shigar mai, 0.25 na fitar hayaƙi. Bakin kwantak milimita 0.40. Waɗannan lambobi mutanen da da yawansu ba su yi boko mai nisa ba sun haddace su, kuma ba su yarda a taɓa ko ɗaya.

Bayan awo sai kunne. Maigida zai sa a tada inji, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikinsa, ya manna ƙotar a kunne, ya yi shiru. Yara su ma su yi shiru. Daga nan zai ce bawul na uku ya yi sako, ko ya murɗa sukurun kafireto rabin juyi har rawar injin ta kwanta. Zai zare fulogi ya duba bakinsa: in ya yi baƙi mai ya yi yawa, in ya yi fari fat mai ya yi kaɗan kuma zafi na tafe. Babu kwamfutar da ake jona wa wannan mota ta faɗi ciwonta.

Da an rufe bonet kuwa, sai littafin Pijo ya koma aljihu. An ƙera bashe ne ta ɗauki tan ɗaya ko kusa da haka. Buhun albasar Adar, wanda ake cikawa har a ɗinka masa hula, ya wuce kilo 100. Buhu goma ke nan an kai iyaka, kuma direbobi za su gaya maka buhu goma ba ya fitar da kuɗin mai da na hanya, balle na cefane. Don haka ake ƙara lam, wato ganyayen ƙarfen nan da ke ɗauke da bayan mota.

Ƙarin lam kowa na iya yi, amma ba kowa ya iya ba. Ana samo ganyen daga wata motar da ta mutu, a yanka shi ya gaza na samansa tsawo, ya fi na ƙasansa, yadda nauyi zai rabu a kan duka jerin. Ba a bari ya sha wuta har ya yi ja, don ƙarfen lam in ya gasu ya mutu ke nan, in ya lanƙwasa ba ya dawowa. Wanda ya kwanta saboda tsufa, a kan maƙera ake tada shi da guduma, a sanyi, ana bugu ana matsawa, ana gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen har gantsarwarsu ta zo ɗaya. In ba ta zo ɗaya ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Sannan akwai iyaka. In lam ya yi yawa baya ya sandare, duk ramin da taya ta faɗa shasi ne ke shan dukan. Garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa za ka ji irin wannan ciniki a bakin gareji:

"Alhaji, ganye biyu zan ƙara, ba huɗu ba."

"Haba Malam, ai motata ce, kuma kuɗina ne."

"Motarka ce, Alhaji, Allah ya bar ka da ita. Amma in ta karye a gangare, sunana za a kira. In huɗu kake so, ga wani gareji can gaba."

Inda bashe ke karyewa ma sananne ne, bayan ɗakin direba, inda gaba da baya suka haɗu. Mai walda na ƙwarai ba ya zuba wuta kan tsaga haka nan. Zai kankare fenti ya bi tsagar har ƙarshenta, ya huda ɗan rami a wurin don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta, sannan ya cike. Sai ya kawo faranti mai tsinin baki biyu ya rufa a kai, ya bi shi da walda ta tsawon shasin. Ba ya gitta walda daga sama zuwa ƙasa, don a gefen wannan layin sabuwar tsaga za ta fito kafin kaka ta zagayo. Kejin ƙarfe na baya, da benci, da matakin da karen mota ke tsayawa, su ma da lissafi ake yin su: bututu mai kauri a ƙasa, marar nauyi a sama, saboda motar da nauyinta ya hau sama ita ce ke kifewa a kwana.

Wajen sanyaya inji da tace iska kuwa, an yi rabi da rabi. A watannin bazara zafin Adar yakan wuce digiri 40, motar kuma tana hawan tudu da giya ɗaya, iska ba ta bugun gabanta. Saboda haka ake sa lagireto mai kauri, kuma Pijon da ta zo da fanka mai kamawa da saki da kanta, sai a ɗaure fankar ta riƙa juyawa kullum. Amma matatar iska ta asali, mai kwanon baƙin mai a ƙasa, wadda ake sa wa motocin da aka yi domin Afirka, gwani ba ya yarda a musanya ta da ta takarda. Ƙurar hunturu tana toshe ta takarda cikin 'yan kwanaki, wannan kuwa wankewa ake yi a zuba sabon mai a ci gaba.

Kayan gyara su ne ciwon kai. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kayan Faransa suka fi ƙarfin talaka, ido ya koma kudu: Ƙonni, Maraɗi, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna. Jabu ya cika kasuwa, har makaniki kan ɗaga fistan a tafin hannu ya jijjiga, ya mayar wa mai shago ba tare da ya ce komai ba. Kusan kowane tsohon gareji yana da gawar bashe a bayansa, ana cirar ta kaɗan-kaɗan. Abin da ba a samu ba a ƙera shi: robar lam daga tsohuwar taya, ƙaramin gasket daga kwali, a ɗora shi kan bakin ƙarfen a bi gefen da 'yar guduma har ya yanke kansa daidai.

Inda ni nake ja da baya shi ne sauya inji gaba ɗaya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 fetur ɗin kwalba na bakin hanya ya yi tsada, kuma ba laifin mai mota ba ne in ya yi sha'awar injin gas na wata mota ta Japan. Ana yi, kuma masu yi suna nuna fasaha: a sake mazaunin inji, a daidaita giya, a rage ko a ƙara tsawon shaf. Sa injin 504 cikin 404 bai dame ni ba, gida ɗaya ne. Amma baƙon inji yana mayar da mota abin da wanda ya haɗa ta kaɗai ya san kansa. Pijo ta asali in ta tsaya a Garhanga ko Tabotaki, da wuya a rasa wanda ya taɓa kwance irinta, ko wanda ke da tsohon kwantak a akwati. Haɗe-haɗen kuwa sai a kwana a daji ana jiran wanda ya haɗa ta ya zo daga Madawa a kan babur. Ga kuma maganar takardu in jandarma ya tsayar da kai.

Abu ɗaya ne ba a cika ƙara masa komai ba, shi ne birki. An ƙara lam, an ƙarfafa shasi, kaya ya ninka, amma birkin yana nan yadda aka auna shi domin tan ɗaya. Gwanayen sun san da haka, shi ya sa za ka ga maigida ya kwance gangar baya ya duba ko da ba a sa shi ba, ya sake robobin da suka fara tsatsa, ya sa yaro ya yi ta taka feda har iska ta fita sarai. Sau da yawa mai mota ne ke cewa a bar wannan sai wani jiƙon, kuɗi sun ƙare.

Don haka, Alhaji mai bashe, ranar da za ka kai ta a ƙara mata ganye, ware kuɗin birki tun daga gida. In kuma ta gaji ka yi niyyar sayar da ita ga masu awon ƙarfe da kilo, fara kiran tsohon makanikin garinku ya buɗe bonet ya duba tukuna.