Dattijuwa Ko Hajiya: Ina Marubutanmu Suka Kai Dattako?

Hausa ba ta rasa sunan babbar mace ba. Tsohuwa shekaru kawai take nunawa, gyatuma kuwa tana ɗauke da ɗan raini. Uwargida matsayin aure ce, Hajiya shaidar zuwa Makka. Dattijuwa ce ta fita daban, domin ba a samunta da furfura kaɗai. Sai an ga kamun kai, riƙon sirri, da maganar da ke kashe wutar rikici.

Amma mu duba labaran da muke karantawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Da marubuci ya ce ga dattijuwa, abin da ke biyo baya shi ne farar fata, leshi mai tsada, gwal da ƙamshin turare. Talakar da ta kai shekarunta kuwa "tsohuwa" ce, aikinta gulma ko zuwa gun boka. A hankali mun mayar da dattako kayan sayarwa.

Balaraba Ramat Yakubu ta nuna wata hanya a Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara bayan ya auro Delu. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta ba tare da zubar da mutunci ba. Ba sai an yi mata kirari ba, halinta ya isa shaida.

Tarihi ma yana gefen Balaraba. Jajin da Nana Asma'u ta ɗora wa malfa don su jagoranci 'Yan Taru manyan mata ne da aka amince da halinsu, suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu.

Kada mu ɗauka kalma ba ta lalacewa. Magajiya sarauta ce ta mata tun zamanin sarauniyoyin Daura, amma a bakin mutane da dama yau shugabar mata masu zaman kansu ake nufi. Dattijuwa na iya bin wannan sawu idan muka ci gaba da jingina ta da dukiya.

Yarinyar da ke karatu a waya tana koyon wace mace ce ta cancanci girmamawa. Idan labari ya nuna mata cewa sai mai gwal, da wane ido za ta kalli kakarta mai sayar da ƙuli-ƙuli?