Wasa ya ƙara sauri, jikin 'yan gaba ke biya

A wasan zari-ruga mai 'yan wasa 13, wanda ya fi kasuwa a gabashin Ostireliya da arewacin Ingila, aikin ɗan gaba ba shi da ado. Zai karɓi ƙwallo, ya ruga ya daki ƙarti biyu ko uku da ke jiransa, su kayar da shi, ya miƙe. Jim kaɗan kuma shi ne mai tarewa. A da ana tausaya wa irin waɗannan ƙattai: mutum ya yi kamar minti 20, a fitar da shi ya sha iska, sannan a mayar da shi. Yanzu yayin da ake ciki shi ne ɗan gaban da ba ya gajiya, irin su Payne Haas na Brisbane Broncos, kuma wannan yayi yana damuna ƙwarai.

Ba haka kawai abin ya faɗo ba. Gasar NRL ta Ostireliya ta rage yawan canjin 'yan wasa daga 12 zuwa 10 a 2008, ta sake mayar da shi 8 a 2016. A 2020 aka kawo dokar da ta ce kan wasu laifuffukan wurin kayarwa alƙali ba zai tsayar da wasa ba, sai dai a sake ƙirga kayarwa 6 da ake bai wa masu ƙwallo daga farko, ana ci gaba da gudu. Masu goyon baya sun ce gajiya tana buɗa wa ƙananan 'yan wasa masu zafin nama hanya, tana kuma rage ƙarfin karo. Na yarda wasan ya ƙara daɗin kallo. Amma ƙaton da ya haura kilo 110, numfashi ya ƙare masa, ƙafa ta yi nauyi, ba ya iya saita jikinsa in zai tare. Sai ka ga kansa ne ya fara isa ƙugun abokin karawa ko gwiwarsa.

Mu 'yan kallo ma muna da hannu. Har gobe ana jinjina wa Sam Burgess, ɗan Ingila, kan wasan ƙarshe na 2014: ƙashin kuncinsa ya karye a karon farko da abokin karawarsa James Graham, fuska ta kumbura, ya ƙi fita har ƙungiyarsa South Sydney ta ɗauki kofin da ta shekara 43 tana nema. Jarumta ce, ba musu. To amma jiki magayi. A 2019 ciwon kafaɗa ya raba shi da wasa yana da shekara 30. Boyd Cordner, wanda ya yi kyaftin ɗin Ostireliya, ya ajiye a 2021 yana ɗan shekara 29 saboda yawan buguwa a ka. Steve Folkes, tsohon ɗan gaban Canterbury, sai bayan rasuwarsa a 2018 likitoci suka gano cutar CTE a ƙwaƙwalwarsa, cutar da ake dangantawa da yawan dukan kai.

Hutun dole na kwana 11 da NRL ta sanya a 2023 ga wanda ya bugu a ka mataki ne mai kyau, sai dai magani ne bayan an ji ciwo. Ni a ganina a ƙara yawan canji, a kuma ƙayyade yawan karon da ake yi a atisaye, domin can ne ake tara dukan da kyamara ba ta ɗauka. Kocin da ke son ɗan gaba ya yi minti 70 kowane mako, a tambaye shi shekara nawa yake sa ran yaron zai yi a fili.