Jarka a Venis: Tarken Yadda Ake Baje Zane da Hoto a Ƙasashen Waje

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba baje kolin fasahar zamani da Nijeriya da Jamhuriyar Benin suka yi a birnin Venis na Italiya a 2024, mu auna shi da ma'aunin mutumin bakin iyaka, wato na Bagudo da Lolo da Tsamiya a Jihar Kebbi. Tambayarmu ita ce: idan ƙasa ta kai zane da hoto waje da sunan jama'arta, wace jama'a ake nufi?

Abin da aka nuna

Nijeriya ta fara kafa rumfarta a wannan taro a 2017. A 2024 ta koma da masu fasaha takwas ƙarƙashin jagorancin Aindrea Emelife, kuma da yawansu mazauna Ingila ne ko Amurka. Daga cikinsu akwai Fatimah Tuggar, haifaffiyar Kaduna, wadda ta gina aikinta a kan ƙwarya. Ita kuwa Benin wannan ne zuwanta na farko, da masu fasaha huɗu, kuma Azu Nwagbogu, ɗan Nijeriya, shi ya tsara mata rumfar bisa al'adar Gelede ta Yarabawa.

Aikin da ya fi jan hankalinmu shi ne na Romuald Hazoumè, wanda ya daɗe yana mayar da jarkokin fetur su zama fuskokin mutane. Hikimar a fili take: bakin jarka ya zama baki, mariƙinta ya zama hanci, sai ga talakan da ke dakon mai tsakanin ƙasashen biyu yana kallon mai kallonsa. Duk wanda ya san hanyar Tsamiya zuwa Segbana ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan magana. Baƙon Venis kuwa sai an rubuta masa bayani a bango. Ke nan wanda ya fi cancantar ya yi wa aikin hukunci shi ne aka bari a gida.

Inda gizo ke saƙa

Ba muna cewa ayyukan ba su da kyau ba ne. Illar tana ga zaɓe. Rumfunan biyu sun fi karkata ga bakin teku da 'yan ƙasa mazauna Turai, sai yankin kogin Kwara, inda Hausawa da Dandawa da Fulani da Zabarmawa ke cuɗanya, ya zama tamkar babu shi. Har ila yau, idan wannan yanki ya fito a hoto, yakan fito ne a matsayin abin kallo. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya sha ɗauka, amma mu tambayi kanmu sau nawa muka ga sunan Bakabe a ƙarƙashin hoton. Alhali Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a Zariya ne su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958.

Darasi daga Finlan

Finlan ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 5 da rabi, amma tana da rumfarta a Venis tun 1956, wadda Alvar Aalto ya zana. Tana da hukuma mai suna Frame, wadda aikinta shi ne tallafa wa masu fasaha su nuna ayyukansu a waje. Masu ɗaukar hoto da suka yi suna da laƙabin makarantar Helsinki kuwa daga aji suka fito, malamai suka yi ta kai ayyukan ɗalibansu kasuwannin fasaha na Turai. Bugu da ƙari, tun 2000 suna da gidan al'adu na Villa Karo a Grand-Popo, cikin Benin ɗin nan, inda masu fasaharsu ke zuwa su zauna su yi aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa namu bangon rashin tsari ne mai ɗorewa.

Kammalawa

Benin ta nuna hanya a 2022, lokacin da ta fara baje ayyukan zamani a Kwatano tare da kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar, jama'a suka gani, sannan aka kai su Rabat. Muna ba da shawarar a bi wannan: duk abin da za a kai Venis a fara nuna shi a gida, har da gidan tarihi na Kanta a Argungu, kuma sassan koyar da zane na jami'o'inmu su nemo masu ɗaukar hoto na Bagudo da Illo su horar da su.